Kobalt a Sito, Bashi a Wuya: Wane Kamfani Ne Zai Iya Jure Tsaikon Fitar da Kaya daga Kongo?

A ranar 22 ga Fabrairun 2025 hukumar ARECOMS, wadda ke kula da kasuwar ma'adinai masu muhimmanci a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, ta dakatar da fitar da kobalt, ƙarfen da ake amfani da shi a batirin motocin lantarki da na wayoyi, daga ƙasar na tsawon wata huɗu. Da wa'adin ya cika a watan Yuni sai aka ƙara wata uku, aka sake ja da shi zuwa 15 ga Oktoba, daga nan aka maye gurbin haramcin da tsarin kaso, wato kowane kamfani aka yanka masa iyakar abin da zai fitar. Tun da ƙasar ce ke haƙo fiye da kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya, farashi ya yi tashin gwauron zabi, daga ƙasa da dala 22,000 kan kowane tan a farkon shekarar zuwa fiye da ninki biyu kafin ƙarshenta. Wannan tashi shi ne ya jawo hankalin masu neman inda za su zuba jari, kuma shi ne wurin da ake saurin yaudaruwa, domin tsadar kaya ba ta amfanar mai shi matuƙar kayan yana kulle a bayan shinge.

Mai son shiga wannan harka da kuɗinsa yana da ƙofofi huɗu a gabansa: kamfanin CMOC na ƙasar Sin, wanda ya fi kowa haƙo kobalt a duniya, kamfanin Glencore mai hedkwata a Suwizalan, ƙananan kamfanonin da suka jingina rayuwarsu ga mahaƙa ɗaya ko biyu, da kuma kamfanonin da ke samar da kobalt ko tace shi a wajen Kongo. Ma'aunin da nake ganin ya dace a auna su da shi tambayoyi uku ne. Me kamfanin yake sayarwa ya samu kuɗi a lokacin da kobalt ɗinsa ya maƙale? Wa yake binsa bashi, kuma yaushe ne ranar biya? Sannan yaya zamansa yake da mai riƙe da mabuɗin ƙofar, wato gwamnatin Kinshasa da kamfaninta na ma'adinai, Gécamines?

Kafin a auna su, sai an fahimci yadda kobalt yake fitowa daga ƙasa, domin a nan ne asalin matsalar take. A yankin Katanga, a lardunan Lualaba da Haut-Katanga, ba a haƙa rami don kobalt shi kaɗai. Tagulla ake nema, kobalt yana biyowa a cikin dutsen guda. Saboda haka kamfanin da aka hana shi fitar da kobalt ba zai iya rage haƙo shi ba tare da ya taɓa tagullar da ke ciyar da shi ba, alhali tagulla ba ta cikin haramcin kuma farashinta ya haura dala 10,000 kan tan. Abin da ke faruwa shi ne injuna su ci gaba da aiki, ana fitar da garin kobalt mai danshi wanda bai gama tacuwa ba, ana ɗura shi a manyan buhuna, ana jibgewa a filin kamfani layi bayan layi. Kowane buhu an riga an kashe masa kuɗin lantarki, da na sinadari, da albashin ma'aikata, kuma babu ko sisi da ya dawo. Halin ya yi kama da na ɗan kasuwar da ya ci bashi ya cika sito da hatsi, farashi ya tashi a kasuwa, amma aka garƙame masa ƙofar siton, mai bashi kuwa bai fasa zuwa ba.

Ko a lokacin da ƙofa take buɗe, tafiyar ba gajera ba ce. Daga Kolwezi, babban birnin lardin Lualaba, tireloli ne suke ɗaukar kayan, su ratsa iyakar Kasumbalesa zuwa Zambiya, inda layin manyan motoci kan kai kilomita da yawa, direbobi su kwashe kwanaki suna girki da kwana a gindin motocinsu, sannan su nufi Durban a Afirka ta Kudu, tafiyar kusan kilomita 3,000, ko Dar es Salaam a Tanzaniya. Daga can jirgin ruwa ya kai kayan ƙasar Sin, wadda ke tace kusan kashi uku cikin huɗu na kobalt ɗin duniya. Tsakanin lodi a mahaƙa da isa matata akan ɗauki watanni, don haka duk wani tsaiko a kan takarda yana hawa ne a kan jinkirin da dama yake akwai. Ambaliyar da ta lalata hanyoyin tashar Durban a Afrilun 2022 ta nuna cewa ba gwamnati kaɗai ke iya tsayar da kaya ba. Layin dogo na Lobito da ya ratsa Angola zuwa Tekun Atlantika yana rage nisa ƙwarai, sai dai ba ya rage ko tan guda daga iyakar da hukuma ta yanka.

A fara da CMOC, domin a kansa ne nauyin ya fi sauka. Kamfanin ya sayi kaso mafi girma na mahaƙar Tenke Fungurume daga Freeport-McMoRan na Amurka a 2016 kan dala biliyan 2.65, yanzu yana riƙe da kashi 80 cikin 100, Gécamines na da 20. A ƙarshen 2020 ya sake sayen Kisanfu daga hannun Freeport kan dala miliyan 550, kuma da wannan mahaƙa ta fara aiki a 2023 sai kobalt ɗin da yake samarwa ya yi tsalle daga kusan tan 55,000 a shekarar zuwa kusan tan 114,000 a 2024. Wannan ambaliyar kaya tana cikin manyan dalilan da suka karya farashi daga sama da dala 80,000 a 2022 zuwa inda ya faɗa, kuma ita ce ta harzuƙa Kinshasa, wadda harajinta na kashi 10 cikin 100 a kan kobalt yake tashi da faɗuwa tare da farashin. Da aka zo rabon kaso, an ƙayyade wa ƙasar baki ɗaya tan 96,600 a shekara na 2026 da 2027, aka ware tan 9,600 daga ciki a hannun hukumar, CMOC kuma ya samu tan 31,200. Idan aka ɗora wannan a kan abin da ya haƙo a 2024, bai kai kashi uku cikin goma ba.

Akwai dalilin da ya sa rabon ya zo masa haka, kuma yana da kyau mai zuba jari ya lura da shi. An yi lissafin kason ne bisa abin da kowane kamfani ya fitar a shekaru uku da suka gabata, kuma a cikin waɗannan shekaru akwai watannin da CMOC bai fitar da komai daga Tenke ba. Daga Yulin 2022 zuwa Afrilun 2023 an tsayar masa da fitar da tagulla da kobalt gaba ɗaya saboda rikici da Gécamines, wanda ya zarge shi da rage adadin ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa don ya biya kuɗi kaɗan; har kotu ta naɗa wa mahaƙar mai kula na wucin gadi. An sasanta ne da alkawarin biyan dala miliyan 800 daga 2023 zuwa 2028, da kuma aƙalla dala biliyan 1.2 na rabon riba a tsawon rayuwar aikin. Wato tsaikon farko ya ci kamfanin sau biyu: ya biya kuɗin sulhu, sannan gurbin da tsaikon ya bari a lissafin fitar da kaya ya bi shi har cikin rabon 2025. Wanda ya sayi hannun jarinsa ya san cewa sau biyu ke nan cikin shekara uku ana rufe wa wannan kamfani ƙofa.

Duk da haka, CMOC bai durƙusa ba, kuma hannun jarinsa a kasuwar Hong Kong ya ninka fiye da sau biyu a 2025, shekarar da kobalt ɗinsa ya kwashe watanni bai tsallaka iyaka ba. Dalilin shi ne tagulla: ya haƙo kusan tan 650,000 a 2024, kuma ko da farashin dala 9,000 aka yi lissafi, kuɗin da ke shigowa daga nan ya ninka na kobalt. Yana da wasu ma'adinan a Sin da Brazil, yana da kamfanin dillancin ƙarafa na IXM a Geneva, kuma kamfanin CATL, wanda ya fi kowa ƙera batirin motocin lantarki, yana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jarinsa. Amsar tambaya ta farko da ta biyu ke nan, kuma amsa ce mai ƙarfi. Rauninsa yana a tambaya ta uku. Kusan dukkan tagullarsa da kobalt ɗinsa daga mahaƙa biyu suke fitowa, a lardi guda, ƙarƙashin gwamnati guda da ta riga ta nuna cewa tana iya tsayar da shi, kuma a daidai lokacin da Kinshasa take neman kusanci da Washington don rage dogaro da Sin. Idan wata rana tsaikon ya shafi tagulla kamar yadda ya faru a 2022, babu wata ƙasa ta biyu da za ta ɗauke masa nauyin.

Glencore yana tsaye ne a wani matsayi dabam. Mahaƙansa biyu a Kongo, Kamoto da Mutanda, tare da ɗan abin da yake samu a wasu ƙasashe, sun ba shi kusan tan 38,000 na kobalt a 2024, kason da aka yanka masa kuma tan 18,800 ne a shekara, wato kusan rabi. Wannan bambanci tsakanin rabi da ƙasa da kashi uku cikin goma shi ya sa ba a yi mamaki ba da aka ji Glencore yana goyon bayan tsarin kaso, CMOC kuma yana kiran a ɗage haramcin. Wanda zai iya sayar da rabin kayansa a ninkin farashi bai yi asarar kuɗin shiga ba, wanda kuwa zai sayar da kwata kaɗai dole ya ci gaba da tara sauran. Glencore yana kuma da tarihin janye hannu idan kasuwa ta lalace: a ƙarshen 2019 ya rufe Mutanda, wadda a lokacin ita ce babbar mahaƙar kobalt a duniya, bai sake buɗe ta ba sai bayan kusan shekara biyu. Kamfanin da zai iya rufe irin wannan mahaƙa ya ci gaba da biyan basussukansa, a fili yake cewa kobalt ba shi ne ke riƙe da numfashinsa ba.

To amma a nan ne mai saye ya kamata ya tambayi kansa abin da yake saya. Glencore babban ɗan kasuwar man fetur ne da ƙarafa, kuma babban mai haƙar kwal. A 2024 ya sayi mafi yawan mahaƙan kwal na Teck a Kanada kan kusan dala biliyan 7, ya kuma fasa shirin raba kansa da kwal bayan ya tuntuɓi masu hannun jari. A shekarar ya rufe littafinsa da asarar kusan dala biliyan 1.6. Wanda ya sayi hannun jarinsa a Landan don yana hasashen tashin kobalt zai tarar cewa farashin kwal a Asiya ya fi motsa jarinsa fiye da duk abin da ARECOMS za ta yanke. Kariyar da yake samu daga tsaiko ita ce kuma ke rage masa ribar tashin farashi. Bayan haka akwai tarihin shari'a da ba zan so a wuce shi da sauri ba: a Mayun 2022 kamfanin ya amsa laifin cin hanci a gaban kotun Amurka, cikin ƙasashen da abin ya shafa har da Kongo da Najeriya, ya biya fiye da dala biliyan 1, kuma a Disambar shekarar ya amince ya biya Kongo dala miliyan 180. Shi ma ya taɓa ɗanɗana tsaiko ta wata fuska, lokacin da aka dakatar da fitar da kobalt daga Kamoto a Nuwamban 2018 saboda an sami yuraniyom a cikinsa fiye da iyakar da tashoshin jiragen ruwa suka yarda da ita.

Idan aka jera su biyun, CMOC jari ne a kan tagullar Kongo, mai saurin girma, wanda haɗarinsa ya taru a wuri ɗaya, kuma yana zaune a kan tarin kobalt da zai zama ko dai dukiya ko kaya a ka, gwargwadon yadda hukuma ta sassauta. Glencore jari ne a kan kasuwar albarkatun ƙasa gaba ɗaya, wanda tsaikon kobalt ba zai girgiza shi sosai ba, amma yana ɗauke da kwal da kuma tabon shari'a. A ganina, mai ƙaramin jari da ba zai iya bin labaran Kinshasa kullum ba ya fi samun kwanciyar hankali a na biyun. Mai neman girma da ya yarda da haɗarin ƙasa guda, kuma ya yi imani tagulla za ta ci gaba da tsada, na farkon ne nasa. Ko ɗaya daga cikinsu ba hanya ce tsantsa ta cin ribar kobalt ba, kuma gara a san haka kafin a biya kuɗi.

Wannan rashin hanya tsantsa shi ne ke tura mutane zuwa ƙofa ta uku, wadda ita ce mafi haɗari, kuma ita ce ta fi daɗin ji a bakin masu talla. Kamfanin Chemaf misali ne da ya kamata a yi nazarinsa. Ya samu rancen dala miliyan 600 da kamfanin dillancin albarkatun ƙasa na Trafigura ya haɗa masa a 2022, lokacin da farashi yake sama, don ya kammala babban aikin Mutoshi kusa da Kolwezi da kuma faɗaɗa Etoile a Lubumbashi. Farashi ya faɗi, kuɗi suka ƙare kafin gini ya ƙare, bashi ya taru zuwa ɗaruruwan miliyoyin daloli. Da aka samu mai saye daga Sin a 2024, sai Gécamines, wanda lasisin Mutoshi nasa ne, ya ƙi amincewa, cinikin ya watse. A nan tambayoyin uku duka suka zo da mummunar amsa lokaci guda: babu wani kaya mai yawa da za a sayar a rufe giɓi, mai bashi yana jira, ga kuma mai mabuɗi ya hana ko da sayar da kamfanin a lokacin. Chemaf ba ya kasuwar hannun jari, amma siffarsa ita ce siffar ƙananan kamfanoni da yawa da ake tallata hannun jarinsu a Toronto da Sydney da Landan.

Kada kuma a ɗauka cewa barin Kongo kaɗai ya isa tsira. Jervois Global na Ostireliya ya gina mahaƙar kobalt a jihar Idaho ta Amurka, aka yi bikin buɗe ta a Oktoban 2022, amma a Maris na 2023 aka dakatar da aikin kafin a fara samar da kaya saboda faɗuwar farashi da tsadar gini. Yana da matata a Kokkola ta ƙasar Finlan, yana da goyon bayan ma'aikatar tsaron Amurka, duk da haka a Janairun 2025 ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, mai ba shi rance ya karɓe kamfanin, masu hannun jari suka tashi a tutar babu. Makonni kaɗan bayan haka Kongo ta rufe ƙofa farashi ya tashi. Hasashen masu jarin Jervois cewa kobalt zai yi tsada ya tabbata, sai dai kamfaninsu bai kai ranar ba, kuma wannan ne ya sa nake sa ranar biyan bashi a gaba da duk wani hasashen farashi.

Ƙofa ta huɗu tana da fuska biyu masu saɓani. Masu samar da kobalt a Indunusiya, inda yake fitowa tare da nikel a wurare irin su Morowali da tsibirin Obi, su ne suka fi cin gajiyar tsaikon, domin suna sayarwa a sabon farashi ba tare da an yanka musu iyaka ba, kuma ƙasar ce ta biyu a duniya a yanzu. Amma kuɗin shigarsu na nikel ne, wanda kasuwarsa ta cika ta batse, kuma Jakarta ita ma tana da tarihin sa hannu a kasuwa, tun da ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020 kuma ita ke ƙayyade abin da kowace mahaƙa za ta haƙa. Matatun kuwa, musamman na Sin da ba su da mahaƙa tasu, tsaikon ya same su ne ta baya: kayan aiki ya yi ƙaranci, masu kawo musu irin su IXM da Glencore suka sanar cewa wani uzuri da ya fi ƙarfinsu ya hana su cika wasu kwangiloli, farashin ɗanyen gari kuma ya matso kusa da na tataccen ƙarfe har ribar tacewa ta matse. An yi yunƙurin buɗe wata hanyar a Landan, kamfanin Cobalt Holdings da ya shirya sayen ƙarfen ya ajiye kawai, amma ya fasa sayar da hannun jarinsa a Yunin 2025.

Akwai wani haɗari da ya rataya a kan dukkan ƙofofin huɗu, kuma tsaikon yana ƙara masa ƙarfi. Batirin da ake kira LFP, wanda ake haɗawa da litiyom da baƙin ƙarfe da fosfet, ba ya buƙatar kobalt ko kaɗan, kuma a 2024 ya riga ya kai kusan rabin kasuwar batirin motocin lantarki a duniya, a Sin ma ya wuce haka nesa. Duk lokacin da mai ƙera mota ya ga kobalt ya yi tsada ko samunsa ya zama babu tabbas, sai ya ƙara samun hujjar kauce masa, kuma wanda ya sake fasalin masana'antarsa ba ya dawowa don farashi ya sauka. Wayoyin hannu da kwamfutoci da injunan jiragen sama za su ci gaba da buƙatarsa, wannan gaskiya ne. Sai dai tarin da ke jibge a Lualaba yana nan yana jiran ranar fita, kuma an ga abin da ya biyo bayan sakin kayan Tenke a 2023, lokacin da suka shiga kasuwar da dama ta cika, farashi ya ƙara nutsewa. Kamfanin da ya rubuta darajar kayan sitonsa da farashin yau yana iya wayar gari yana goge wani ɓangare nata.

Masu karatu a Nijar sun ga irin wannan a kusa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, yuraniyom ɗin kamfanin SOMAÏR a Arlit ya kasa fita, kuɗi suka ƙafe duk da farashin yuraniyom yana sama a duniya, Orano na Faransa ya ce ya rasa ikon gudanar da kamfanin a Disambar 2024, gwamnati kuma ta mayar da shi mallakar ƙasa a Yunin 2025. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya a wannan rikici, darasin ga mai jari ɗaya ne: tsaikon fitar da kaya yana iya zama matakin farko na sake tsara wanda ya mallaki mahaƙar. Ina kuma ganin Kongo tana da hujja mai ƙarfi a nata ɓangaren. Ƙasar da ma'adininta yake ƙarewa ba ta da dalilin zuba ido ana kwashe shi a farashin da bai taka kara ya karya ba, don haka kuskure ne a lissafta tsarin kaso a matsayin guguwar da za ta wuce. Dokar ma'adinai ta 2018, da kafa kamfanin EGC a 2019 don sayen kobalt ɗin masu haƙa da hannu, da haramcin 2025, duk hanya ɗaya suka nufa.

Idan mutum ya buɗe rahoton kowane kamfani, akwai layuka kaɗan da suka fi dogayen jawaban shugabanni amfani. Ya duba adadin da aka haƙo, ya duba adadin da aka sayar, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce kayan da ya maƙale. CMOC ya haƙo fiye da tan 60,000 a rabin farko na 2025, mafi yawan wannan lokaci kuwa ƙofa a rufe take. Ya duba ko ribar da aka rubuta ta zo da tsabar kuɗi a hannu, ko kuwa ta kwanta a cikin darajar kayan sito. Ya duba basussukan da za a biya cikin wata goma sha biyu, ya gwada su da kuɗin da ke banki, sannan ya nemi sanin ko an riga an karɓi kuɗin kayan da ba a kai ba tukuna, domin irin wannan kwangila tana juyewa ta zama bashi idan kaya bai isa ba. Ya kuma tuna cewa samun kaso a takarda dabam yake da tashin mota: bayan 16 ga Oktoban 2025 an kwashe makonni ba a yi lodi ba saboda sababbin ƙa'idojin gwajin kaya, da takardun shaida, da biyan haraji tun kafin fita, kuma hukumar ta riƙe wa kanta ikon sake duba rabon. Ga wanda yake kiyaye ƙa'idojin Musulunci a jarinsa, ma'aunin da aka saba da shi na cewa bashi mai kuɗin ruwa kada ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na darajar kamfani zai tace masa mafi yawan ƙananan kamfanonin tun kafin ya je ko'ina.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a waɗannan layuka, amma yana da nauyi a kan lamiri da kuma a kan aljihu. Dubban mutane a kewayen Kolwezi suna rayuwa ne da haƙa da hannu, cikinsu har da yara kamar yadda Amnesty International ta bayyana a 2016, kuma a Yunin 2019 fiye da mutum 40 daga cikin masu irin wannan haƙa suka mutu lokacin da wani sashe na rami ya rufta a filin Kamoto. Idan aka rufe ƙofar fita, su ne farkon waɗanda masu saye suke daina karɓar kayansu. Idan farashi ya tashi, su ne suke tururuwa cikin filayen manyan kamfanoni, rikici da jami'an tsaro ya ƙaru. Masu ƙera motoci a Turai suna ƙara tsananta binciken asalin kayan da suke saya, kamfanin da aka kama da sakaci a nan yana iya rasa kwangila ko da yana da kaso a hannu.

Shawarar da zan tsaya a kanta ita ce, ƙaramin kamfani mai mahaƙa ɗaya da bashin gini a wuyansa a bar shi ga masu kuɗin da za su iya rasa shi gaba ɗaya ba tare da gidansu ya girgiza ba. Tsakanin manyan biyu, wanda ya fi tsoron Kinshasa ya ɗauki Glencore tare da sanin cewa kwal yake saya da shi, wanda ya fi amincewa da tagulla ya ɗauki CMOC tare da sanin cewa fiye da kashi bakwai cikin goma na kobalt ɗinsa ba shi da izinin fita a 2026 da 2027 matuƙar ya ci gaba da haƙa kamar yadda ya yi a 2024. Mai saye daga Najeriya ko Nijar ya ƙara da lissafin canjin kuɗi da ladan dillali, tun da da fam na Ingila ake cinikin ɗaya, ɗayan kuma da dalar Hong Kong ko yuwan, sannan ya sake buɗe rahoton kamfanin duk bayan wata uku ya ga ko tazarar da ke tsakanin abin da aka haƙo da abin da aka sayar tana raguwa ko tana ƙaruwa.